Ɗaurin Cibiya

Litinin, da safe

Wasa almakashi.

Litinin, da hantsi

Na wasa shi. Na yanka sababbin zobba daga kwalin sabulu, manya na jiki, ƙanana na kai, na jera su a kan tebur. Sai da na jawo kwandon ulu sannan na tuna babu mai jiran aikina. Na tattara na mayar cikin gwangwani.

Don hannuna ya sami abin yi nake wannan rubutu. Tun ina goyon fari nake yin 'yan dabbobi da tuntun ulu: zomo, tunkiya, kyanwa, ɗan tsako. A haɗa zoben kwali biyu, a yi ta naɗa ulu har ramin tsakiya ya kusa toshewa, a bi gefe da almakashi a yanke, a zura zare tsakanin kwalayen a ɗaure tamau. Wannan ɗaurin nake kira cibiya, shi ke riƙe da komai. Sai a zare kwali, a yi wa tuntun aski har ya dunƙule kamar lemo. Babba jiki, ƙarami kai. Kunne da ƙafa na ƙyalle ne, a cusa musu auduga. Ido ne na ƙarshe.

Shagon kayan yara na layin kasuwa ne ke sayen nawa. Ke saye, na rubuta. Bari in bar shi haka, ba na son goge rubutu.

Talata, bayan azahar

An sallamo yarinyar daga asibiti. Alhamdu lillahi. Baban yara ne ya jiyo a garejinsu, ya bugo mini waya tun kafin ya wanke hannu, in ji shi.

Ban taɓa ganinta ba. Abin da na sani, ba ta wuce shekara biyu ba. An saya mata farin zomo a shagon, ta sa a baki, ido ɗaya ya cire ya maƙale mata a maƙogwaro. Ɗan baƙin dutsen ado, irin wanda nake sa wa dukkansu. Ubanta ya cilla zomon a wuta don fushi, saboda haka babu abin da ya rage da za a duba.

Ni ba na manna ido. Ɗinke shi nake yi, allura ta ratsa kai ta fita ta ƙeya, in ƙulle zaren a jikin cibiya. Mai son cire idon zomona sai ya aro filaya wurin Baban yara.

Laraba, da la'asar

Satin da aka kai wancan kayan ina kwance da ciwon ido, ɗaki a rufe, tsumma a fuska. Auta ce ta ƙarasa. Auta ƙanwata, ciki ɗaya, wadda na goya, na yi wa wanka, na koya wa riƙon almakashi. Tun da ta yi aure take zuwa taya ni, muna raba abin da aka samu.

Ranar da Mai Shago ta kira mu, ba ta ce mu zauna ba. Ta tsaya bayan teburinta, tabarau a kan hanci, ta ce, "Tambaya ɗaya zan yi. A cikinku wa ke sa ido?"

Ina shirin fara bayani, sai na ji muryar Auta, siririya, irin wadda take yi tun tana ƙarama idan ta fasa kofi. "Yaya ce ke sa ido, Hajiya. Ni kunne kawai nake yi, da wutsiya."

Ban ce komai ba. Wannan ne na kasa gane wa kaina har yau. Na tsaya ina kallon tunkiyar da ke cikin gilashin gaban shago, ta farko da na taɓa kai mata, wadda ta ce ba ta sayarwa ba ce, ta ado ce. Na yi ta kallonta kamar ita za ta yi magana a madadina.

Alhamis, da safe

Ni ba na manna ido.

Alhamis, da yamma

Amma kafin ciwon ya kwantar da ni na sa wa wasu farare ido, ina gani dishi-dishi. Na ƙulle kowanne? Na zauna na runtse ido ina bin hannuna a zuci, zomo bayan zomo. Wani na tuna ƙullinsa, wani ban tuna ba. Abin da hannu ya saba, kai ba ya ajiyewa.

Sai na zazzage kwandon da Auta ke aiki da shi idan ta zo. Can ƙasa, ƙarƙashin guntayen ƙyalle, ga robar gam an matse ta har ta lafe. Cike take ranar da na kwanta. Ɗigo-ɗigo muke sawa a cikin kunnen zomo, roba ɗaya takan kai mu wata da watanni.

Na sa ta a aljihun jaka. Ban san wa zan nuna wa ba.

Asabar, da hantsi

Inna ta zo. Ba ta taɓa ruwan da na kawo mata ba, daga nan na san da magana.

Na miƙa mata robar. Ta juya ta, ta ajiye gefe kamar ɓawon ayaba na ba ta.

"Na gani," in ji ta. "To, yanzu me kike so a yi? A kai Auta tsakiyar kasuwa a yi shela?"

Na ce, "Inna, sunana nake so. Jiya a bakin famfo wata ta janye ɗanta daga kusa da ni."

"Suna yana dawowa. Ke ce babba. Yarinyar nan shekara nawa tana neman haihuwa, sai yanzu Allah ya ba ta, likita ya ce kada a tayar mata da hankali. So kike dangin mijinta su ji ta kusa kashe 'yar mutane?"

"Ni dangin mijina ba su da kunne?"

"Ke kina iya ɗauka. Ita ba ta iyawa."

Tun muna yara haka ne. Auta ta zubar, ni in share, don ni ina iya ɗauka. Na raka Inna bakin titi, na tsayar mata da mota, na ce ta gaida gida. Ladabi dai ban rage ko kaɗan ba.

Lahadi

Ban yi komai ba. Na jera ulu kala-kala, na rushe, na sake jerawa.

Talata, bayan azahar

Mai gyaran takalma da ke zaune tsallaken shagon, wurinsa nake sayen zaren cibiya, mai kauri, shafe da kyandir. Na je karɓo takalman yara, yana ganina ya ce, "Uwar zomaye! Ashe an yi juyin mulki?"

Ban gane ba. Ya ba ni labari yana huda fata, ko ɗagowa bai yi ba. Mai Shago ta ba Auta aikina, zomaye kwali guda kafin ƙarshen wata. Ta kafa mata sharaɗi. Babu sauran dutse, da baƙin ulu za a ɗinka ido. Kowane zomo sai ta ja shi da hannunta kafin ta karɓa. Kuma kada hannuna ya taɓa ko silin ulu ɗaya. Auta ta rantse mata.

"Da kunnena na ji," in ji shi. "Ƙofarsu a buɗe take wuni, ni kuma kunnena ba ya zuwa hutu."

Na yi dariya don ya ga na yi. A hanya na lura na damƙe takalman har ƙarfen maɗauri ya yi mini shaida a tafin hannu.

Laraba, da safe

Allah ya isa. Na rubuta, na kuma karanta da ƙarfi. Bai rage komai ba.

Juma'a, da la'asar

Ta zo.

Auta ta yi sallama daga bakin ƙofa kamar baƙuwa. Ta yi nauyi, ƙafafunta sun kumbura har silifas ya nutse a cikinsu. Ta zauna a kujerarta ta kullum, ta buɗe leda ta fito da tuntu biyu. Ban taɓa ba, daga inda nake na ga sakwaf suke. Ta ja sili ɗaya, ya biyo hannunta.

"Yaya, cibiyar ta ƙi ni. Yatsuna sun kumbura, ba na iya ja."

"Da ba su kumbura ba ma, yaushe kika taɓa iyawa?"

"Na sani."

"Ba rantsuwa aka ce kin yi ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Wa zai sani? Ki ɗaura mini cibiya kawai, sauran ni zan yi. Don Allah, Yaya. Idan aikin nan ya kuɓuce, ya bar gidanmu ke nan gaba ɗaya."

Gidanmu.

Na jira. Wallahi na ba ta lokaci, har na tashi na zubo mata ruwa na dawo. Kalma ɗaya nake jira a kan ido. Ta sha ruwa, ta yi maganar zafin gari, ta yi maganar ciwon baya, ta ce ulun kantin kusa da tasha ya fi laushi.

Na ce ta aiko da ulun gobe.

Ta rungume ni. Ɗankwalinta yana ƙanshin man gashin da nake saya mata tun tana 'yan mata. Ban ɗaga hannu ba.

Juma'a, da magariba

Na san abin da zan yi. Ba zan rubuta ba tukuna.

Asabar, da hantsi

Zaren cibiya sili uku ne a murɗe. Idan na ɗaure kamar kullum, sannan na buɗa ulun na sa bakin reza na yanke biyu na bar ɗaya, tuntun zai yi tauri a hannu kamar lafiyayye. Zai jure aski. Zai jure ɗinkin kunne. Abin da ba zai jure ba shi ne a kama kai da jiki a ja da ƙarfi, yadda Mai Shago ta ce za ta yi.

Na gwada da ragowar ulu. Na farko na zurfafa reza, ya watse tun a aski. Na biyu na ji tsoro, ko da na ja bai motsa ba. Na uku ya yi daidai. Na ja, na ji ɗan ƙas, sai ga ulu a cinyata kamar an fige kaza.

Idan suka watse a gaban Mai Shago, hanya biyu ce gaban Auta. Ko ta yi shiru, a ga irin aikinta, mai hankali ya gane wa ya manna ido. Ko ta ce Yaya ce ta ɗaure, ta tona rantsuwarta da bakinta, a kira ni, in zo da robar gam, wannan karon in yi magana. Idan aka tambaye ni me ya watsa su, zare ne ya tsufa. Duk inda ta bi, ni za ta tarar a ƙarshen hanya.

Na duba ta kowane gefe ban ga ɓaraka ba. Na sake dubawa. Rashin ganin ne ma ke ɗan damuna, don na san kaina.

Litinin, da la'asar

Sai yau ulun ya iso, fari tas, da ɗan ruwan toka. Naɗa, yanka, ɗaura, reza. Naɗa, yanka, ɗaura, reza.

Hannuna ya yi kewar aiki. Abin kunya, daɗi nake ji. Ban taɓa yin tuntu masu kyau kamar waɗannan ba, ƙurar ulu duk ta cika mini hanci ina ta atishawa, ina kuma waƙa ƙasa-ƙasa. Duk wanda na gama sai in juya shi a tafin hannu in ce masa, ka riƙe kanka sai ranar.

Talata, bayan azahar

Baban yara ya dawo cin abinci ya tarar da ni a tebur.

"A'a, Injiniya, an buɗe masana'anta?"

Na ce na Auta ne, taimako nake yi. Ya ɗauki ɗaya ya cilla sama ya cafe. Na ce ya ajiye. Sai idonsa ya faɗa kan reza.

"Wannan ba tawa ba ce? Ke da kike cewa reza ta masu gaggawa ce, aikin ƙwarai sai almakashi?"

"Aski nake yi da ita."

Ya dubi tuntun, ya dube ni. Ya je ya wanke hannu, ya zauna, ya buɗe kwano. Ya yi loma biyu sannan ya ce, kamar da kwanon yake magana, "Mu a gareji, idan mai mota ya ci mana mutunci, gaisuwa muke daina yi masa. Birki ba ma taɓawa."

Na ce, "Babu mai hawa zomo ya hau titi."

"Ni ban ce komai ba," in ji shi. "Miƙo gishiri."

Laraba, da safe

Maganar birki ta kwana da ni. Idan Mai Shago ta gaji ba ta ja ba fa? Idan wani ya wuce, ya kai gidan mutane, yaro ya cika baki da ulu?

Na zauna na bi abin daki-daki. Shi ya sa ba zan bar ko ɗaya lafiyayye ba. Duk wanda ta fara ja, shi ne zai watse, daga nan kuwa sai ta bi sauran. Kuma ranar ina wurin. Idan ba ta ja ba, zan tsallaka in ja da kaina. Babu ɗan da zai taɓa su. Ni ba Auta ba ce.

Alhamis, da yamma

Ta zo ɗauka. Ta matsa ɗaya a hannu, fuskarta ta washe.

"Kai, Yaya! Kamar dutse. Hannunki daban ne, wallahi."

Na zuba mata su a babbar leda, na ƙulle bakin. A bakin ƙofa ta tsaya tana gyara silifas da bai buƙatar gyara.

"Yaya, maganar nan. Bari in kai wannan, Hajiya ta saki jiki da ni, sai in gaya mata a hankali. Zan dawo da ke."

"Wace magana?"

"Kin sani."

"Ban sani ba. Faɗa."

"Ta ido." Da ƙyar na ji.

Ba ta ce ni ce ba. Ta ido kawai, kamar idon ne ya manna kansa. Ledar tana nan tsakaninmu, da na miƙa hannu na kamo ta. Na dubi ledar. A hankali, in ji ta. Da jimla ɗaya ta zubar da ni, amma kwasa sai a hankali.

Na ce, "Allah ya kai mu." Na riƙe mata labule ta wuce.

Asabar

Ta aiko mini da hoton na farko a waya. Ta yi masa ɗan jan baki da zare, abin da ban taɓa tunanin yi ba. Ya yi kyau. Ban amsa ba.

Litinin, da hantsi

Na yafa mayafi na fita da niyyar zuwa gidanta in ce zaren bai yi mini ba, ta ba ni in sake. Na kai har bakin famfo. Matar nan tana wurin da ɗanta. Ta gan ni, ta ce masa, "Zo nan," ta ɗauke shi ta saɓa a kafaɗa, shi da yake tafiya da ƙafarsa.

Na sayi ashana a kantin kusa, na dawo gida.

Talata

Ni ba na manna ido.

Alhamis, bayan azahar

Yau ne.

Na ɓalle maɗaurin takalmina da kaina don in sami dalilin zama wurin mai gyara. Ya duba, ya dube ni, ya ce, "Wannan ɓallewar da ilimi aka yi ta." Ya matsa mini benci inda ake hango cikin shago. Layin ƙarami ne, ƙofar a buɗe.

Auta ta sauko daga tasi, direban ya shigar mata da kwali. Ta sa sabon mayafi. Mai Shago ta buɗe, ta yi murmushi, na ga haƙoranta daga inda nake. Akwai mata biyu suna duba rigunan jarirai, ta kira su su gani. Ta ɗauko ɗaya, fari, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a lanƙwashe. Ta kama kai, ta kama jiki, ta ja.

Daga tsallake ba a jin ƙas ɗin. Gani kawai na yi ulu ya tashi, ya sauka mata a hannu, a tabarau, a tebur. Kunnuwa biyu suka rage tsakanin yatsunta.

Ta ɗauko na biyu. Ta ɗauko na uku. Ta daina dubawa ma, ja kawai take yi tana zubarwa. Matan nan suka ajiye rigunan suka ja baya.

Auta ta tsuguna da cikinta tana tattara ulu. Ni kuwa har na miƙe, hannuna cikin jaka a kan robar gam, ina jira ta kira sunana. Na ga ta tsinci wani abu, ta kai shi kusa da ido, ta daɗe tana dubawa. Ta ɗago. Ba ta waiwaya ko'ina ba, kai tsaye ta dubo tsallaken layi, inda nake.

Sannan ta juya ta ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya."

Shi ke nan abin da ta ce.

Muryar Mai Shago kuwa har masu kayan miya sun ji. "Ashe tun daga tushe ne! Haka yayar taki ta koya miki? Ita ido, ke jiki. Na gode Allah da na ja, da yau wani gidan zan shiga ba da haƙuri." Ta buɗe gilashin gaba, ta ciro tunkiyata, ta jefa cikin kwalin. "Har wannan. Kada in ƙara ganin ulun gidanku a shagona."

Mai gyara ya miƙo mini takalmi. Bai yi ba'a ba. Ya ce, "Allah ya kyauta," ya ci gaba da huda fata.

Juma'a, da safe

Na rama. Na rubuta don in ga yadda yake a takarda.

Ba zan yi ƙarya ba, lokacin da na farko ya watse na ga fuskar Auta, wani abu ya yi sanyi a ƙirjina. Ta ɗanɗana tsayuwa gaban teburin nan. Ta ji yadda ƙasa ke ƙin tsagewa. Wannan babu mai ƙwace mini.

Hanya biyu na ce. Ban lissafa da cewa ni na koya mata ba.

Inna ta kira, ban ɗauka ba. Baban yara ya sayi sabuwar reza, bai tambayi tsohuwar ba.

Asabar, da la'asar

Ta zo da kwalin, mai tasi ya ajiye mata a tsakar ɗaki. Ba ta zauna a kujerarta ba sai da ƙafa ta gaza ta. Ta ajiye ledar hannunta, ta kwance bakin hankici, ta jera guntayen zaren cibiya a kan teburina, ɗaya bayan ɗaya, yadda nake jera zobba.

"Sili biyu a yanke sumul, ɗaya a tsinke," in ji ta. "Dukkansu. Ke kika koya mini bambancin zaren da ya tsinke da wanda aka yanka."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa mata?"

"In ce me? In ce yayata?"

"Wancan karon ai bakinki bai yi nauyi ba."

"Bai yi ba." Ta share hanci da gefen mayafi. "Ni tsoro ne ya kama ni, maganar ta fita kafin in yi tunani. Ke zama kika yi, Yaya. Kika nemo reza. Kika ce Allah ya kai mu."

Na ce idan kuka ta zo yi, akwai gidan Inna, can ake lallashi.

Sai ta dube ni ido cikin ido. "Ni na manna. Da gam. Na gaji, allura tana ta soke ni, kina kwance, na ce wa zai sani. Ni ce. Ga shi na faɗa. Kin ji?"

Na ji. Kalmar da nake jira tun ranar shago, ga ta a ɗakina, babu kowa sai ni da kwandon ulu.

"Ba ni za ki gaya wa ba. Je ki gaya wa Hajiya."

"Na je jiya. Tun daga bakin ƙofa na fara. Ta ce ba ta son jin komai daga bakin 'yan gidanmu, wai yanzu da aiki ya kuɓuce muke neman wanke juna. Ta tura ƙofa."

Wani yaro yana buga ƙwallo a bangon waje, dum, dum.

"Mun yi daidai ke nan?" in ji ta.

Na ce, "Ba mu yi ba."

Ta dafa tebur ta miƙe a hankali. Ban kama ta ba. A bakin labule ta juyo.

"Inna ba ta san zancen reza ba. Na ce mata hannuna ne ya gaza. Ba za ta ji daga bakina ba."

Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Wato yanzu ita ce mai rufa mini asiri. Ita ce mai iya ɗauka.

Asabar, da magariba

Na zazzage kwalin. Ulu, kunnuwa, 'yan jajayen bakuna. Tunkiyar tana can ƙasa. Rana ta cinye farinta ta gefen da ke kallon titi, ƙura ta shiga jikinta.

Na kama kai, na kama jiki, na ja. Na sake ja. Na taka ƙafa a bango na ja da iya ƙarfina har kafaɗata ta amsa. Na sa farce a idonta na ɓanɓara, farcen ne ya karye.

Ko gezau ba ta yi ba. Babu wanda ya gani.

Ban yi nadama ba. Na rubuta, zan duba gobe in ga ko yana nan.

Na gobe:

share ulun ƙarƙashin tebur

ware kunnuwan da za su ƙara amfani

wanke tunkiya, a shanya a inuwa

robar gam, a jefar (ko a bari tukuna)

reza, a naɗe a takarda kafin a zubar, saboda yara

kiran Inna

maganin Auta. Ta manta ledar a kan kujera, na safe da yamma ne. Ban yanke ko ni zan kai ba.